Rijiyar da Ba Ta Kai Ƙugu Ba

In na gaya muku na taɓa faɗawa rijiyar da zurfinta bai kai ƙuguna ba, babu ko ɗigon ruwa a cikinta, amma sai da maza fiye da ashirin suka kama igiya kafin a fito da ni, za ku ce Idi Mazari ya fara zuba tasa. To ku ce. Wanda bai yarda ba ya hau mota zuwa ƙasar Kiru ya tambaya, akwai waɗanda tafin hannunsu bai manta ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a cikin wannan rijiya na kusa barin sana'ata ta wasan kwaikwayo, sana'ar da ban iya wata bayan ita ba sai facin taya, shi ma facin nawa ba ya kai mutum gida.

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya, kuma ba irin wadda kuke nema ba. Shekaranjiya wani ya tare ni a bakin kasuwar Tudun Wada, ya ɗaura waya a kan sanda kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa, ya ce, "Baba Idi, ai barkwanci ba wani abu ba ne. Ka karkace baki, ka sa wando a ka, shi ke nan an mutu da dariya." Na ce masa, "Ɗana, mahaukacin tasha ma yana sa wando a ka, ka taɓa jin an aika masa goron gayyata?" Ku in kun yi kuskure sai ku goge ku sake, sau goma, sau ɗari. Mu igiya ake shimfiɗawa a ƙasa a yi da'ira, mutanen gari su kewaye ka, maza nan, mata can, ba gogewa ba sakewa. Abin da ya fita daga bakinka ya fita, kuma gobe da shi za a gaishe ka a ƙofar masallaci.

Aikin farko da aka ba ni shi ne gawa. Lokacin ina faci a gefen titi, daura da shagon Malam Haladu Tela, wanda shi ne uban ƙungiyarmu. Da rana yana taka keken ɗinki, da yamma yana haɗa wasa a bayan shago. Ni kuwa aikina, da mai babur ya juya baya sai in kwaikwayi tafiyarsa, masu zaman benci su yi ta faɗuwa. Wata rana Malam ya leƙo ta taga da allura a baki ya ce, "Kai mai faci, wannan bakin naka asara yake yi a bakin titi. Zo bayan la'asar." Na zo ina hura hanci, na ɗauka attajiri za a ba ni. Sai aka miƙo mini farin zane aka ce in kwanta.

A filin wata firamare a Doguwa muka yi wasan. Akwai Lawandi, dogo siriri, shi ne gwaninmu na wasan kuka. Lawandi in ya ce "wayyo ƙanina", wallahi ko turmi sai ya nemi gefen zane ya share ido. Yana durƙushe a kaina yana ta yi, mata har sun fara jan majina, sai cinnaka ya shige mini wando. Ba shi kaɗai ba, da 'yan'uwansa da surukansa. Na cije, na ƙara cijewa, ƙafa ta fara motsi, gawa ta kama karkarwa tun daga babban yatsa har haɓa. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Ku dakata da wankan, gawar nan rawa take kamar mazari!" Fili ya rushe. Daga ranar sunan ya bi ni, ko a gidan surukaina da shi aka san ni.

Ni dai na tashi ina jin kaina a sama, ai na sa gari dariya. Da muka sauka daga mota, Malam ya kira ni gefe. Ya ce, "Idi, yau ka yi sata." Na ce, "Ni, Malam? Me na ɗauka?" Ya ce, "Lawandi ya yi rabin awa yana tara wa mutanen nan hawaye, kai ka zo ka kwashe ka bar musu dariyar banza. Dariyar da ba a lokacinta ba kayan sata ce." Rani guda cur na yi ina gawa. Na mutu a Bebeji, na mutu a Kiru, na mutu sau biyu rana ɗaya a Burumburum. Sai da na iya kwanciya ƙuda na yawo a ƙofar hancina ban motsa ba, sannan aka ba ni baki in yi magana.

Kayan aikinmu duk a buhu biyu suke, ban da wani duro da zan ba ku labarinsa. Gemu na auduga ne, a liƙa shi da ƙaro, in rana ta yi zafi ya fara zamewa sai ka ga dattijo yana nasiha gemunsa na tafiya wajen kunne. Furfura toka ce. Tumbin alhaji audugar rimi ce Malam ya ɗinke a cikin tsohon matashi. Labule zanen gado. Mata babu a cikinmu, don haka wanda gashin baki bai tsiro masa ba shi ke ɗaura zane. Akwai cinyar kaza ta katako da wani masassaƙi ya yi mana, muna shafe ta da manja har ta yi ƙyalli, kare ya taɓa bin mu saboda ita tun daga cikin Kiru har bakin kwalta. Lasifika ɗaya gare mu, ita ma sai an mare ta take magana. Sauran kayan aikin kuwa kunne ne. In na jefa magana, numfashi uku nake ƙirgawa. In na yi gaggawa na taka dariyar ta mutu, in na daɗe ta huce kamar kunun jiya. Shi kuma Lawandi shiru yake ƙirgawa, ya san daidai inda zai bar fili ya yi tsit har ka ji motsin carbin wani.

Ni da Lawandi kullum muna tsiya a kan wa ya fi. Yakan ce, "Kai ƙaiƙayi kake sosa musu, ni ƙaya nake cire musu." In ce masa, "Shi ya sa in an gan ni ake ba ni ƙosai, kai kuma a ba ka haƙuri." Wata rana Malam ya gaji da mu, ya dakatar da keke, ya ce, "Ku zo nan, marasa aikin yi. Mutum ne ya faɗo daga kan jaki. In ya tashi yana kakkaɓe riga yana zagin jakin, wannan naka ne, Idi. In ya faɗo bai tashi ba, jakin ya koma gida shi kaɗai, matarsa ta fito ta gan shi a ƙofa, wannan na Lawandi ne. Jaki ɗaya, faɗuwa ɗaya. Kai kana nuna wa mutum kansa daga nesa har ya yarda ya yi wa kansa dariya, shi kuma yana matso masa da shi kusa har ya ji numfashinsa. Ku tashi ku ba ni wuri." Ni a lokacin na ɗauka surutun tela ne.

Masu kiranmu iri-iri ne, kuma kowane gari da irin dariyarsa. Wani hedimasta a Bebeji ya taɓa ba mu takarda shafi biyu ya ce duk mu cusa a wasa, har da amfanin wanke hannu. Muka sa ɓarawo ya tsaya tsakiyar sata yana neman sabulu. A Kwanar Dangora wasa ba ya wuce tsawon cikar mota, kana tsakiyar magana ɗan kamasho zai ce "Zariya mutum ɗaya!" rabin 'yan kallonka su bi shi, don haka can da zafi-zafi ake bugawa. A Burumburum kuwa na taɓa zaton na faɗi warwas. Dattawan Fulani sun zauna a jere, sanduna a gicciye a cinya, na yi duk abin da na iya, ko haƙori ɗaya ban gani ba. Na koma bayan labule ina huci, Malam ya ce, "Wawa, wa ya ce ka kalli baki? Kunya ba za ta bar su su buɗe shi a gaban surukai ba. Kalli kafaɗa." Na leƙa, sai ga kafaɗu na rawa a jere kamar ana tankaɗe. Washegari wani ya aiko da ƙwaryar kindirmo har shago, ya ce a ba mahaukacin nan.

Dokar Malam ɗaya ce wadda ba a ɗaga ƙafa a kanta, muna kiranta shan shayi. Kafin mu yi wasa a kowane gari, ana tura mutum ɗaya tun ana gobe. Ba zai ce shi ɗan wasa ba ne. Zai zauna a teburin mai shayi, ya leƙa wurin wanzami, ya yi azahar a masallacin garin, ya buɗe kunne. Wa ya rasu, wa aka sace wa sa, gidan wa aka yi rigima, wa ya sha kaye a zaɓe. In an yi gobara a garin, ba ma yin wasan da wuta ke kama gemu. In mai unguwa gurgu ne, ba mai ɗingishi a fili. Malam ya ce kowane gari da gyambonsa a ƙarƙashin riga, kuma duk wanda ya jawo muka taka gyambon gari, ya ajiye kayan wasa ya tafi, ba roƙo ba biko. Na ga an kori mutum a kan haka da idona, kuma ɗan ƙanwar Malam ne.

Wasan da ya fi kowanne fitar da mu shi ne na rijiya, kuma nawa ne. Duron nan ne muka yanke masa kai, muka shafe shi da laka, muka kewaye shi da guntun zana. In na tsuguna a ciki na yi magana, murya tana amsa-kuwwa kamar daga gaba goma a ƙarƙashin ƙasa. Labarin wani makwaɗaici ne da ya saci cinyar kazar da aka dafa wa baƙi, yana ja da baya yana ci yana leƙen ko ana ganinsa, sai ruf, cikin rijiya. Maƙwabta su zo su zura igiya. Su jawo shi rabi, sai a ce an sauke tuwo, su saki. Su dawo su jawo, sai gardama ta tashi a kan wa zai ci sauran kazar, su saki. Sau uku ana saki, ni kuma ina ciki ina ihu, "Ku jawo ni! Don Allah kar ku saki!" da wata 'yar murya kamar ta ɗan akuya. Na ga mutumin da ya yi dariya a wasan nan har sai da aka yi masa fifita.

Sai shekarar tsiya ta zo. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fitar da kai ba, masara ta bushe a tsaye. Ba mai biki, ba mai taron suna, wanda aka yi wa haihuwa sai ya raba goro a masallaci ya shige gida. 'Yan ƙungiya suka watse ci-rani, saura mu shida. Buhunan kaya suka zauna a bayan shago har gara ta cinye tumbin alhaji ta bar mana talaka. Na koma faci, amma wa ke zuwa ko'ina balle tayarsa ta fashe? Rijiyoyi suka ƙafe, duk ƙauyen da ka bi maza ne a cikin rami suna ƙara zurfi suna bin ruwa.

Cikin wannan hali, ana dab da bazara, mai unguwar wani ƙauye a bayan Badafi ya aiko. Ba zan kira sunan garin ba. Ya ce mutanensa sun daɗe ba su ga haƙoran juna ba, mu zo ranar Alhamis bayan la'asar. Wata nawa ba wanda ya neme mu, Malam har rawa ya taka a kan tsumman ɗinki. Ya ce, "Idi, kai za ka sha shayi."

Ranar Laraba na hau mota na sauka a Kwanar Dangora. Rana kamar an buɗe bakin tanderu. Motar da za ta shiga ciki fasinja uku ne a cikinta da akuya, direban ya ce ko za a shekara sai ta cika. Na samu inuwa na sayi awara. Kwandastan motar Bazazzagi ne, kun san tsakaninmu da su, nan da nan muka fara tsiya. Ya ce Bakano ko a maƙabarta sai ya taya, na ce tun kakansa muke ba su aron wando. Muna haka har azahar ta wuce. Na ce, "Kai, kullum kana bin hanyar garin nan, akwai wani labari?" Ya ce, "Garin da ko kare ba ya haushi? Lafiya lau." Ashe shi iyakarsa bakin hanya, ya sauke mutane ya juya. Na dubi rana, na dubi akuyar nan, na ce ai shayi shayi ne ko a ina aka sha shi. Na koma Tudun Wada na ce, "Malam, gari lafiya ƙalau, ko kaza ba ta yi tari ba." Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Da wa ka zauna?" Na ce, "Da manyan gari."

Alhamis muka isa, aka shimfiɗa igiya a gindin wata ɗorawa a ƙofar gidan mai unguwa. Gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa. Na hango an kawo wani tsoho, mutum biyu na riƙe da shi, aka shimfiɗa masa buzu a gaba-gaba kusa da mai unguwa, mutane na ta zuwa suna durƙusawa suna gaishe shi a hankali. Da hankalina na jikina da na tambaya. Amma ina can ina shafa wa cinya manja.

Muka buɗe da ƙananan wasanni, dariya ta fara zuwa kaɗan-kaɗan, irin ta mutanen da suka manta yadda ake yinta. Malam ya ce a fito da rijiya mu ƙarasa su. Aka mirgino duro aka kewaye da zana. Tun nan na ji surutu ya ragu, na ce a raina sun ji labarin wasan ne, gyara zama suke. Na saci cinya, na ja da baya, na yi ruf a ciki. Na ƙirga numfashi uku ina jiran rugugi.

Shiru.

A cikin duro ba ka ganin komai sai ɗan zagayen sama da ganyen ɗorawa. To ga cutar mai barkwanci: in bai ji dariya ba, ba ya tunanin ya yi laifi, sai ya ɗauka gishiri ne bai ji ba. Na ƙara. Lawandi, wanda ranar shi ke maƙwabci saboda ƙarancin mutane, ya zuro igiya, ya ja, ya saki kamar yadda aka saba. Na buɗe maƙogwaro, "Ku jawo ni! Kar ku saki! Wayyo, ƙasa na zubo mini!" Wannan ta ƙarshen ma ba ta cikin wasan, nan take na ƙirƙiro ta don in burge. Sai na ji wata mace daga can baya ta saki salati, irin wanda ake yi in an shigo gida da mugun labari.

Inuwa ta rufe bakin duron. Malam ne, ya sunkuyo kamar mai leƙen rijiya, gemun auduga na lilo. Ya ce ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji, "Yanzu mai unguwa ya gaya mini. Tsohon nan na kan buzu Baba Mati ne. Wata biyu ke nan rijiya ta rufta da ɗansa Habu yana ƙara mata zurfi, kuma uban ne ke riƙe da igiya a sama. Tun ranar bai taka ƙofar gida ba sai yau. Don shi aka kira mu." Sannan ya ce, "Idi, da wa ka sha shayi?" Ya ɗaga kansa ya bar ni.

Ina tsugune. Na san dai tawa ta ƙare, tunanina kawai ta inda zan bar garin ba a ga fuskata ba. Sai igiyar da ke kwance a kafaɗata ta motsa. Ba jan Lawandi ba ne, nasa na san shi, nishi da yawa ba ƙarfi. Wannan a hankali aka tattare ta har ta miƙe, irin na wanda ya san rijiya. Wata muryar tsufa, a dushe, ta ce, "Ɗaura a ƙugu. Kar ka riƙe da hannu, hannu yana gajiya. Ka ɗaura?"

Ku da kuke cewa abin ba wuya, ku gaya mini me za ku yi. In na miƙe tsaye, duron ko ƙuguna bai kai ba, gari duka zai ga dattijo ya fito yana ceton ƙato daga cikin gwangwani, gobe a ce Baba Mati ya taɓu. In na amsa da muryar ɗan akuya, na yi masa ba'a a kan kabarin ɗansa. Ba labulen da zan shige, ba a goge a sake. Sai na ajiye muryar wasa, na lalubo tawa ta gida, na ce, "Na ɗaura, Baba."

Ya ce, "To sa ƙafa a bango. Kar ka yi sauri."

Na ɗaura igiyar da gaske, na sakar masa nauyina kaɗan don ya ji akwai mutum. Ya ja. Na ɗago tsawon yatsa. Na ji Lawandi ya ce, shi ma ba da muryar wasa ba, "Jama'a, ku kama wa Baba." Na ji takun ƙafafu, igiya ta ƙara ƙarfi, wani na cewa "Bismillahi", wani na cewa "a hankali, a hankali". Duron ya fara karkata, Malam ya rungume shi da ƙirji kada ya kife ya tona mana asiri. Ni kuwa duk ranin da na yi ina gawa ranar ya yi mini rana, don hawa rijiyar da ba ta kai ƙugu ba a tsawon lokacin da za a yi alwala, gwiwa a lanƙwashe, cinyoyi na wuta, ba ka yi karkarwa ba, ba ka yi abin dariya ko ɗaya ba, wallahi ya fi kwanciya da cinnaka wuya. Hula ta fara fitowa, sai goshi, sai ido. Abin da na gani layin maza ne tun daga bakin duro har wajen da'ira, mai unguwa a ciki da babbar rigarsa, duk a bayan wani ɗan tsoho da bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. Ba sauran ɗan kallo, kowa ya shigo wasan.

Na ɗora ƙirji a baki, suka kamo ni suka dire a ƙasa. Baba Mati ya tsuguna, ya shafa kaina, ya duba bayan kunnena, ya kakkaɓe mini laka a kafaɗa, ya ce, "Ba ka bugu ba?" Na ce, "A'a, Baba." Ya daɗe hannunsa na kan wuyana. Mata na kuka a fili ba ɓoyewa, irin kukan da Lawandi ya yi shekaru yana nema bai samu ba. Can sai tsohon ya kalli hannuna na hagu, ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ɗan banza, duk wannan wahalar ba ka saki cinyar ba?"

Wallahi ban san tana hannuna ba. Wani ya fara ƙyalƙyalewa a baya ya toshe baki, sai na kusa da shi, sai abin ya ɓalle kamar gulbi. Mutane na dariya hawaye na zuba, ba ka gane wanne ne na wanne. Shi ma tsohon ya koma kan buzunsa yana tari yana girgiza kai, haƙora biyun da suka rage masa a waje. Na tsufa ina sa mutane dariya, amma mafi girma da aka taɓa yi a filina ba ni na jawo ta ba.

Da aka watse, kafin magariba, mai unguwa ya kira mu zaure aka kawo fura. Baba Mati na zaune a gefe da ludayinsa. Ni ban sha ba. Malam ya ɓamɓare gemunsa ya ninke ya sa a aljihu, ya durƙusa a gaban tsohon ya ce, "Baba, gafara muke nema. Muna da ƙa'ida, muna turo mutum ya ji halin gari kafin mu zo. Wannan na tura. Idi, faɗa musu da bakinka inda ka sha shayi."

Na ce, "Kwanar Dangora, ranka ya daɗe. Kuma ba shayi ba ne, awara ce."

Mai unguwa ya kawar da fuska wajen bango. Na matsa da gwiwa na ce, "Baba, ka yafe mini. Ban sani ba, kuma laifina ne da ban sani ba. Ka sha wahala a kan duron banza."

Ya ce, "Ka ɗauka ban san duro ba? Rabin rijiyoyin garin nan ni na haƙa su. Ji na yi mutum na cewa a jawo shi, ana saki. Ba zan iya zama in sake ji ba, ko da a cikin kwano yake."

Malam ya ce, "Duk da haka, Baba. Doka ce. Daga yau ya ajiye kayan wasa, ba zai ƙara shiga fili da mu ba. Na faɗa a gabanka ne don ka san ba mu ɗauki abin da sauƙi ba."

Na fara kwance igiyar da har lokacin ke ɗaure a ƙuguna. Tsohon ya ajiye ludayi, ya goge baki da bayan hannu, ya dubi Malam daga sama har ƙasa, ya ce:

"Malam Tela, ɗaya rijiya ta riƙe mini, na haƙura don ba yadda zan yi da ita. Wannan da na samu na fito da shi da hannuna, kai kuma ka ce za ka mayar mini da shi ciki? To tashi ka taɓa shi mu gani."